Ruwan Legas da Kifayen Ado Masu Haihuwa

Duk wanda ya je sayen kifin ado a Legas karo na farko, da wuya ya dawo gida ba a cusa masa gofi ko moli ko filati ko mai takobi ba, kuma hujjar mai sayarwa ɗaya ce a kullum, wato waɗannan kifaye ba sa mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin gofi yana rayuwa har a cikin wasu kwatocin wannan birni inda ruwa ya yi baƙi ƙirin. Sai dai akwatunan gilashin da ake gani an kife su a bayan gidaje su ma shaida ne cewa kifin da ya jure kwata yana iya mutuwa a falo kafin wata ya zagayo. A ganina babban dalilin shi ne littattafai da bidiyoyin da muke koyon kiwon nan daga gare su an yi su ne domin mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda damuwarsu ta farko ita ce yadda za su ɗumama ruwa, alhali abin da ke gabanmu daban ne: ruwan rijiyar burtsatse mai tsami marar ma'adinai, da zafin da ke rage iskar da ke cikin ruwa, da wutar lantarkin da ba ta da alkawari.

Kifayen nan huɗu dangi ɗaya ne, wanda masana suke kira Poeciliidae, kuma dukkansu baƙi ne daga nahiyar Amurka. Gofi ya fito daga arewa maso gabashin Amurka ta Kudu, wato Benezuwela da Giyana da tsibirin Tirinidad. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1859, sannan a 1866 aka sake raɗa masa suna a Landan don karrama Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad. Filati da mai takobi 'yan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, moli kuwa yana zama har a bakin teku inda ruwan kogi yake gauraya da na gishiri. Abin da ya raba su da karfasa da tarwada shi ne ba sa zuba ƙwai a waje. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne a cikin uwar, ta haifo 'ya'yan da ke iyo nan take. Ba don ado na kawo asalinsu ba. Koramu da yawa na Meziko da Amurka ta Tsakiya suna ratsa irin farin dutsen da ake yin siminti da shi, ruwan yana narkar da dutsen a hankali yana kwasar kalsiyam da magniziyam, kuma jikin waɗannan kifaye da irin wannan ruwa ya saba.

Ruwan da ke ƙarƙashin Legas akasin haka yake. Yawancin rijiyoyinmu daga shimfiɗar rairayi suke ɗebowa, rairayi kuwa ba ya ba ruwa komai, ga ruwan sama mai yawa da ke wanke ƙasar shekara da shekaru. Shi ya sa rijiyoyin burtsatse da dama a unguwannin da ke nesa da teku suke ba da ruwa garau, mai daɗin wanki, amma idan aka auna shi sai a tarar ma'aunin pH ɗinsa bai kai 6.5 ba, wasu ma ba su kai 6 ba. A wannan ma'auni 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya gaza haka yana da tsami, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, ke nan ruwan da ke kan 5.5 ya fi wanda ke kan 7.5 tsami sau ɗari. A wajajen Lekki da Ajah da Victoria Island matsalar takan sauya kama, domin a can ruwan teku yana kutsawa cikin rijiyoyi, wasu kuma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe wanda ke rina bahon wanka ja. Gidajen da ruwan famfo yake isa gare su daga matatar Iju, wadda ta fara aiki tun 1915, ko daga ta Adiyan, su kuma kulorin, wato sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, shi ne abin lurarsu. Saura mu da muke saye a hannun masu ga-ruwa, wanda a Agege da Idi-Araba da Mushin ba ƙaramin adadi ba ne, kuma mu ne muka fi kowa shiga haɗari ta wata fuska, domin jarkar yau tana iya fitowa daga wata rijiya, ta gobe daga wata. Wanda yake kiwon kifi ya kamata ya zauna da mai kawo masa ruwa, ya roƙe shi cewa jarkar kifin a riƙa ɗebo ta daga wuri ɗaya, kuma ya ware jarkokinsa na kansa waɗanda ba su taɓa ganin fetur ko kalanzir ko sabulu ba.

Akwai alamun da ake gane ruwa marar ma'adinai da su ko babu abin awo. Sabulu yana kumfa da wuri a cikinsa, yana kuma wuyar ɗaurayewa daga jiki, sannan butar dafa shayi ba ta yin farin ɓawo a gindinta komai daɗewarta. Duk da haka ina ganin kuɗin da aka kashe wajen sayen ruwan awo, irin wanda ake ɗigawa a ƙaramar kwalba launi ya sauya, sun fi kuɗin kowane ado da za a jefa cikin akwatin amfani. Abin da ake nema ga waɗannan kifaye shi ne pH tsakanin 7 da 8, awon ma'adinai da ake rubutawa GH tsakanin 10 da 20, sai awon KH, wanda ke nuna ƙarfin ruwa wajen hana tsami hauhawa, kada ya gaza 5. Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne ruwan da ya fito daga burtsatse yanzu-yanzu bai cika faɗin gaskiya ba. Yana zuwa da iskar kabon mai yawa da oksijin kaɗan, don haka sai an bar shi ya kwana a buɗe, in da hali ana hura masa iska, kafin a auna. A wannan kwanan ne kuma ƙarfen da ke narke a ciki yake haɗuwa da iska ya zama jan gari ya kwanta a ƙasa, sai a tsiyaye na sama a zubar da laka. Kulorin ma kwana ɗaya a buɗe yana rage shi ƙwarai, ko da yake maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi ya fi ba da tabbaci.

Dalilin da ya sa ma'adinan suke da muhimmanci yana cikin jikin kifin. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, saboda haka a kowane lokaci ruwa yana kutsawa cikin jikinsa, gishirin jikinsa kuma yana zurarewa ta gaɓoɓin numfashinsa, shi kuwa yana kashe ƙarfi wajen mayar da abin da ya fita. Kalsiyam da ke cikin ruwa yana taimakawa wajen toshe wannan yoyo. Kifayen da asalinsu ruwa marar ma'adinai ne sun iya wannan kokawa, moli da 'yan'uwansa kuwa ba su iya ta sosai ba, shi ya sa suke ramewa a hankali ba tare da wata cuta bayyananniya ba. Moli ne yake fara nunawa: sai a ga ya tsaya wuri ɗaya yana rangaji hagu da dama ba ya gaba, fikafikansa a tsuke. Gofi kuma jelarsa takan fara yagewa, mata sukan mutu bayan haihuwa. Mai kifin sai ya garzaya ya sayo magani mai launin shuɗi ya zuba, alhali ba daga nan gizo yake saƙa ba.

Gyaran da na fi amincewa da shi mai araha ne, kuma a kasuwanninmu yake. Ɓawon kawa, wanda masu kiwon kaji suke saya a farfashe don ƙarfafa ɓawon ƙwai, da ɓawon ƙananan dodon koɗin ruwa da ake jibgewa a bayan kasuwa bayan an cire naman, duk kalsiyam ne irin na farin dutsen can. A wanke su sarai, a tafasa, a ƙulle cikin ɗan raga, a ajiye inda ruwa yake gudana a cikin akwatin. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa a fara da shi a lita 50, sannan a riƙa aunawa ana ƙarawa. Kyawun wannan hanya shi ne tana daidaita kanta: idan ruwan ya yi tsami ɓawon yana narkewa da sauri, idan pH ya doshi 8 narkewar takan ja baya har ta kusa tsayawa, ke nan da wuya mutum ya wuce gona da iri. Mai gaggawa yana iya amfani da bekin soda, wadda cokalin shayi ɗaya a lita 50 yake ɗaga KH da kimanin mataki 4, amma a san cewa ba ta da kalsiyam ko kaɗan, kuma kada a rikita ta da bekin fauda ta yin cincin da kek, wadda aka gauraya da wasu abubuwa. Na ji waɗanda suke cewa ai kanwa ma za ta yi. Gaskiya ne tana kashe tsami, amma tana yi ne da ƙarfin tsiya, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba, ga ƙasa da sauran tarkacen da ke cikinta, don haka ban ga dalilin kasada da ita ba. Alimun da ake jefawa a ruwa don ya kwanta shi kuma ƙara tsami yake yi, kuma bai dace da ruwan kifi ba sam.

Gishiri ma yana da nasa masoyan, musamman masu moli. Moli yana jure shi fiye da sauran, har yana iya zama a ruwan zartsi, kuma ɗan kaɗan yana da amfani a wasu lokutan jinya. Amma gishirin girki ba ya maye gurbin kalsiyam, yana ƙona tsirrai, kuma ba ya tashi tare da tururi, saboda haka wanda yake ƙara shi duk lokacin da ya cike gurbin ruwan da ya ƙafe, tara shi yake yi bai sani ba.

A nan akwai tarkon da ya kamata a daɗe a kansa, domin yana kama mai kyakkyawar niyya ne. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su zama amoniya. A cikin ruwa amoniya kashi biyu take rabuwa, ɗaya mai dafi ƙwarai, ɗayan kuma mai sauƙi, kuma pH da zafi su ne suke yanke yawan kowanne. A digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, idan pH yana kan 7, mai dafin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ya haura kashi 5, a digiri 30 kuwa ya haura kashi 7. To a akwatin da ya daɗe cikin tsami, ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya sukan yi sanyi, har su kusa daina aiki idan pH ya sauka wajen 6, sai amoniyar ta taru a siffarta mai sauƙi, kifi yana ta lallaɓawa a ciki. Ranar da mai akwatin ya karanta cewa kifinsa ruwa mai pH 8 yake so, ya kwarara soda a lokaci ɗaya, a ranar ce duk abin da ya taru zai juye ya zama dafi, kafin gari ya waye kifayen sun taso sama. Hanyar da ta dace ita ce a fara da sauya ruwa kaɗan-kaɗan na kwanaki don a rage abin da ya taru, sannan a ɗaga pH a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Kifin da ke zaune daram a kan 7.2 ya fi wanda ake lilo da shi tsakanin 6.5 da 8 lafiya nesa ba kusa ba.

Su waɗannan bakteriya su ne ainihin matatar akwatin, ba soson tace ruwa da ake gani a ciki ba. Wani rukuni yana mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne domin yana hana jini ɗaukar oksijin, wani rukunin kuma yana mayar da naitirait naitiret, wanda kifi yake jurewa matuƙar bai yi yawa ba. Sabon akwati ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, wanda shi ne ainihin lokacin da yawancin sababbin masu kiwo suke asarar kifayensu. Ana gajarta jiran ta hanyar roƙon tsohon soso daga akwatin wani mai lafiyayyen kifi a matse shi a cikin sabon, kamar yadda ake zuba ɗan kindirmon jiya a madarar yau. Bayan sun kafu, awon amoniya da na naitirait dole su tsaya a sifili, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita. Aikin bakteriyar nan da kansa yana haifar da tsami yana cinye KH, wanda shi ya sa akwatin da aka cika da ruwan burtsatse marar ma'adinai yake iya tafiya lafiya wata biyu sannan ya rushe dare ɗaya. Kuma saboda su ne ba a wanke soso da ruwan famfo ko sabulu. A cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi. Al'adar kwashe kifi a zuba a bokiti, a wanke gilashi da tsakuwa tas har su yi ƙyalli, tsafta ce a ido, amma kowane karo mayar da akwatin take yi ranarsa ta farko. Abin da ake bukata shi ne a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako daga ƙasa inda datti yake kwanciya, a mayar da wanda ya kwana. A akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda yake cin lita 54, wannan ya ɗan haura rabin jarka mai lita 25.

Batun zafi a Legas ya fi sauƙi ta wani gefe. Kifayen nan suna jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28, kuma yawancin shekara ɗakunanmu a nan suke, don haka na'urar ɗumama ruwa da ake dagewa a kanta a littattafai ba ta zama dole ba, saɓanin Kano ko Jos inda daren hunturu yake iya kashe su. Hunturunmu na Disamba da Janairu bai taka kara ya karya ba. Wahalar tana zuwa ne a Fabrairu da Maris, lokacin da ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yake iya kai ruwa sama da digiri 30. Ruwan da ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, wajen 8.3 a digiri 25, sai kusan 7.5 a digiri 30, alhali a daidai lokacin ne jikin kifin yake ƙara sauri yana neman ƙarin iska, bakteriya ma haka. Nisanta akwatin daga taga da hasken rana, da buɗe murfi a sa raga, da juya fanka ta riƙa bugun saman ruwan, duk suna taimakawa, ko da yake damshin iskar Legas yana rage amfanin fankar. Idan abin ya tsananta a sa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, kada a jefa ƙanƙarar tsirara. Wanda ya ajiye akwatinsa a ɗaki mai na'urar sanyaya iska shi ne ma ya fi bukatar lura, domin ruwansa yana sauka idan akwai wuta, ya hau idan an ɗauke, kuma wannan hawa da sauka yana raunana kifi har cutar fararen ɗigo ta samu ƙofa.

Wani maƙwabcina mai kiwon tarwada ya taɓa ce mini, "Malam, ai kifi kifi ne, nawa ko an ɗauke wuta kwana biyu ba abin da ke samun su." Gaskiyarsa game da nasa, domin tarwada tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a baho a kasuwar Mile 12 cikin ruwan da bai rufe bayanta ba. Gofi da moli ba su da wannan baiwa. Abin da suke iyawa kawai shi ne su taru a saman ruwa suna lasar ɗan siririn sashen da ke taɓa iska, kuma duk wanda ya ga kifayensa sun yi haka da asuba ya san iska ta yi ƙaranci.

Saboda haka nake ganin a Legas ya kamata a tsara akwatin tun farko bisa zaton cewa wuta za ta tafi. Oksijin ta saman ruwa yake shiga, ke nan akwati mai faɗi marar zurfi ya fi dogo siriri, ƙwaryar gilashi mai ƙaramin baki kuwa ita ce mafi muni duk da kyawunta a kan tebur. Matatar soso wadda ɗan injin iska yake tafiyar da ita ta fi rufaffiyar matata mai tsada dacewa da mu, domin soson yana zaune a cikin ruwan akwatin ko babu wuta, alhali a cikin rufaffiyar matatar iska takan ƙare cikin sa'o'i, bakteriya su fara mutuwa, idan wuta ta dawo kuma ta amayo ruɓaɓɓen ruwa kan kifi. Ɗan injin iska wat biyu zuwa biyar kawai yake ci, akwai ma waɗanda ake jonawa da fawa bank irin ta cajin waya su kwana suna aiki. Idan babu ko ɗaya, a ɗebi ruwan akwatin da kofi a tsiyayo shi daga sama sau da yawa, a maimaita lokaci-lokaci, kuma a dakatar da ba da abinci har wuta ta dawo, tun da kifin da ya ƙoshi ya fi bukatar iska. Mafi muhimmanci shi ne kada a cika akwatin da kifi. Lita 54 ta ishi gofi takwas zuwa goma ko filati biyar zuwa shida. Moli da mai takobi, waɗanda suke kai santimita 10 ko fiye, suna bukatar akwati mai tsawon santimita 90 zuwa sama, kuma mai takobi gwanin tsalle ne, dole a rufe masa.

Akwai wani mai kisan da ban taɓa ganin littafin waje ya ba shi muhimmancin da ya kamata a wurinmu ba, wato maganin sauro. Magungunan feshi da muke rufe ɗaki mu fesa da magariba, da fiya-fiya, da wanda ake kunnawa yana hayaƙi, suna ɗauke da sinadaran da ɗan mitsitsinsu yake kashe kifi, kuma injin iska yana zuƙo iskar ɗakin ne ya tura ta kai tsaye cikin ruwa. Kafin a yi feshi a kashe injin, a lulluɓe akwatin da leda ko jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Hannun da aka shafa wa mai ko turare ko maganin sauro shi ma kada ya shiga ruwan. Ga masu tsoron kada akwatin ya zama gidan sauro kuwa, su kwantar da hankalinsu, domin tsutsar sauro tana cikin abincin da gofi ya fi so, kuma saboda wannan ne aka yaɗa shi a ƙasashe masu zafi da dama.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. A ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a riƙa haɗa wa moli da ɗan dafaffen alayyafo, kuma a sayi ƙaramin gwangwani domin damshin Legas yana lalata babba kafin ya ƙare.

Haihuwar da ta sa ake sha'awarsu ita ce kuma take rushe lissafin yawan kifi da aka yi da farko. Ana gane namiji da siririn fiffiken da ke ƙarƙashin cikinsa, wanda da shi yake barbara, na macen kuwa a buɗe yake kamar mafici. Macen gofi tana haihuwa kusan kowane mako huɗu, sau da yawa 'ya'ya 20 zuwa 40, zafi yana ƙara gajarta kwanakin, kuma tana iya adana maniyyin namiji na watanni, saboda haka macen da aka sayo ita kaɗai tana iya haihuwa sau da dama babu namiji a akwatin. 'Ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Mazan ba sa barin mata su huta, shi ya sa ake ajiye mace biyu ko uku ga kowane namiji, wanda kuma ba ya son ɗawainiyar 'ya'ya ya ajiye maza zalla, su ne ma masu launi. Iyaye suna cin 'ya'yansu, kuma ɗan kejin roba da ake kulle mai ciki a ciki yana wahalar da ita fiye da yadda yake taimako. Tsirrai masu duhu sun fi, musamman kainuwa, wadda saiwoyinta suke saukowa su zama maɓoya, tana kuma zuƙe naitiret, sai dai a riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwan gaba ɗaya, kuma wadda aka ɗebo daga waje a wanke ta a ajiye ta daban na ɗan lokaci. Idan kifi ya yi yawa a ba abokai ko a mayar wa masu shago. Zuba su a kwata ko a lagun ba tausayi ba ne. Duk wanda ya ga yadda baƙuwar ciyawar ruwan nan da ta shigo ta Badagry a 1984 take toshe hanyar jiragen ruwan Ikorodu ya san abin da baƙon halitta yake iya yi idan ya samu wuri.

Sabon kifi ma yana da nasa haƙƙin. Ledar da ta sha cunkoson motoci daga shago zuwa gida a cikin danfo ta yi zafi, iskarta ta ragu, kuma ruwan cikinta wataƙila ya sha bamban da na gida, don haka a lulluɓe ta daga rana a hanya, a bar ta ta yi iyo a akwatin minti 15 zuwa 20, a riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a kamo kifin da raga a zubar da ruwan ledar. Mai hali ya ware sabon zuwa a wani ƙaramin akwati ko bahon roba na mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗa shi da na gida, balle idan gofin kwata ne yara suka kamo.

Saura tafiya gida, wadda kusan kowannenmu yake yi lokacin Sallah ko wani biki. Babban kifi mai lafiya yana iya yin mako guda babu abinci ba abin da zai same shi, musamman a akwati mai tsirrai inda yake tsintar gansakuka, amma ba ya tsira daga maƙwabci mai tausayi da ya juye rabin gwangwani a ruwa. A sauya ruwa kwana biyu kafin tafiya, a matse soso, a cike gurbin da zai ƙafe. Idan tafiyar za ta wuce mako, a ƙulla abincin kowane karo a 'yar takarda daban, ƙulli ɗaya bayan kwana biyu, a ɓoye gwangwanin, sannan a nuna wa wanda aka bar wa amanar inda fawa bank take da yadda ake jona ta da injin iska.